Zafin gida da kuɗin wuta: a sayi ginanne ko a gina sabo?

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi uku suka shigo a makon nan, duk hanya ɗaya suka nufa, shi ya sa na haɗe su. Mutum yana da kuɗin sayen ginannen gida mai ɗaki uku a bayan gari, irin na yayi: baƙin kwano mai tsakuwa, silin POP, manyan tagogin gilas. Ko kuma ya sayi fili hamsin da ɗari ya gina a hankali. Abin da ya dame shi zafi da kuɗin wuta. Wanne ya fi? In kuma ginannen ne, me zai duba? Masana, bismillah.

Injiniya (Kano): Wa alaikumus salam. Kafin a zaɓa, a fara sanin ta inda zafin ke shigowa. A gidan da ba bene ba, rufi ne babbar ƙofarsa. Da azahar a watan Afrilu rana kusan a tsaye take a kanmu, duk ƙarfinta a kan kwano yake sauka. Baƙin kwano yana iya haura digiri 70, iskar da ke tsakaninsa da silin ta kai 55. POP kuwa kaurinsa santimita ɗaya ne da 'yan kai, kusan ba ya tare komai.

Ga lissafi. Ɗaki mita 4 da 4, wato murabba'in mita 16. Sama tana 55, ana son ɗakin ya tsaya a 27, bambancin 28 ke nan. Silin tsirara yana barin kusan wat 3 ya wuce a kowane murabba'in mita kan kowane digiri ɗaya. 16 sau 3 sau 28 ya ba da wat 1,300 da ɗoriya. AC mai doki ɗaya kuwa zafin da yake iya kwashewa kusan wat 2,600 ne. Rabin ƙarfinsa ya tafi a kan silin kaɗai, ba a zo maganar bango da taga da mutanen da ke ciki ba. A shimfiɗa audugar gilas, wato zaren gilas mai kama da auduga da ke tare zafi, mai kaurin santimita 5 a bisa silin ɗin, adadin zai sauko ƙasa da wat 300.

Hajiya mai zanen gini (Kaduna): Injiniya, Allah ya ƙara basira. Santimita 5 ɗin nan ya yi daidai da abin da ka'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, ta nema a rufi. Ka'idar ta kuma ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai in an yi musu inuwa. Abin takaici, da wuya ka ga wanda ya tambayi wannan a wurin amincewa da zane.

Ni dai tawa ƙuri'ar ga mai fili take, saboda abu ɗaya da ba a gyarawa bayan an gama gini: fuskantar gida. Ranar safe da ta la'asar a kwance suke zuwa, su doki bangon gabas da na yamma kai tsaye, babu tsawon rufin da zai tare su. Bangon kudu da na arewa kuwa rana daga sama take duban su, kwano ya zarce bango da santimita 60 zuwa 90 ya wadatar. Don haka dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, gajeru su kalli gabas da yamma. A fili hamsin da ɗari, wanda ƙofarsa ke kallon gabas ya fi sauƙin tsarawa a haka. A yamma a jera banɗaki, sito, matakala in akwai. Ɗakin barci kada ya jingina da bangon yamma, domin duk abin da bangon ya sha da la'asar bayan isha'i zai amayar da shi.

Kada kuma a ce arewa ba ta ganin rana. A Kano da kewaye, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa take ratsawa. Wannan ɓangaren ma yana son inuwar rufi.

Baba Magini (Zariya): Hajiya kin faɗi gaskiya, amma ku 'yan zane ku kuka kawo rufin ɓoye. A ɗaga bango ya rufe kwano, gida ya zama akwati, babu inuwa ko ta tafin hannu a jikin bango. Ruwa kuma maimakon ya zuba waje sai a tara shi a kwata ta cikin bango. Ganye da leda su toshe bututu, ruwa ya cika ya koma cikin silin. Duk mai sayen irin wannan gida ya hau ya duba kwatar da idonsa, ya dubi kusurwoyin silin ko akwai tabon ruwa da aka shafe da sabon fenti.

Hajiya mai zanen gini (Kaduna): Baba, masu gida ne ke nema, amma ban musa ba. In dole sai an yi shi, kwatar kada ta gaza faɗin santimita 30, a ba ta gangare sosai, a yi mata mafita biyu, sannan a huda bango a sa indararo sama kaɗan da bututun, yadda in ya toshe ruwa zai sami hanyar waje. Kowace taga kuma a yi mata tata rumfar ta kankare.

Mai kula da zaure: Wani ya turo cewa ana sayar da takardar alminiyam mai ƙyalli, wadda ake kira foyil, kuma ta fi audugar gilas araha. Ta isa?

Injiniya (Kano): Tana aiki, amma da sharaɗi. Foyil ba kauri yake tare zafi da shi ba, ƙyallinsa ne ke hana hucin kwano haskawa zuwa silin. Dole fuskar mai ƙyalli ta kalli sarari, aƙalla santimita 2 da rabi na iska. In kafinta ya matse shi tsakanin kwano da wani allo ba sarari ta kowane gefe, an yi asarar kuɗi. Kuma a ɗaure shi a ƙarƙashin katakon rufi, ƙyallin yana kallon ƙasa. Wanda aka shimfiɗa a kan silin yana kallon sama, hunturu ɗaya ƙura za ta lulluɓe shi, aikinsa ya ragu ƙwarai. Wanda ya fi shi ne a haɗa biyun: foyil a sama, auduga a kan silin. Mai ƙaramin ƙarfi da zai zaɓi ɗaya, auduga.

Wajen shimfiɗa ta, kada a danne ta, iskar da ke cikinta ce ke aikin. Kada a bar giɓi tsakanin falle da falle. A bar sarari kewaye da fitilun da aka binne a silin, wayoyi su kasance cikin bututu. Mai aikin ya rufe hanci ya sa safar hannu. Farin soson nan irin wanda ake naɗo firji da shi ma yana tarewa daidai gwargwado, sai dai wuta na cin sa da sauri kuma hayaƙinsa mugu ne, ba na ba da shawararsa a saman silin roba.

Baba Magini (Zariya): Ku bar ni in koma baya kaɗan. Duk wannan da kuke sayowa, ginin ƙasa ya zo da shi tun asali. Bangon tubali kaurinsa a gindi ya kan haura rabin mita. Zafin rana kafin ya ratsa shi dare ya yi, gari ya huce. Rufin soro azara ce da ƙasa mai kauri, a shafe da makuba ko laso, tagogi ƙanana can sama. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajajen 1830, da Gidan Makama a Kano, duk wanda ya shiga da rana ya san bambancin. Bulo inci 9 rabinsa rami ne, inci 6 kuwa bai kamata ma a yi bangon waje da shi ba.

Injiniya (Kano): Baba, ranka ya daɗe, ban ƙi ba, amma a faɗa wa mutane ɗaya gefen. Kaurin bango ajiye zafi yake yi ya jinkirta shi, ba kashe shi yake yi ba. Yana amfani ne in dare ya yi sanyi kuma an buɗe gida iska ta kwashe abin da bangon ya tara. A daren Afrilu da Mayu a Sakkwato ko Maiduguri, in aka rufe ɗakin ruf, bangon zai kwana da ɗumi. Shi ya sa ma ake kwana a tsakar gida a bazara. Ga yaɓe duk shekara, ga azara ta yi wuya.

Wannan dalilin ne ya sa ɗakin da ke ƙarƙashin dakin tsirara, wato rufin kankare, ya fi kowanne azaba da dare. Kankare mai kaurin santimita 15 ya wuni yana shan rana, ya kwana yana saki. Wanda ya yi dakin yana jiran kuɗin hawa na biyu, ya shafe shi da farin fenti, ko ya kafa rumfar kwano a kai da sarari a tsakani.

Malam na Maraɗi: Akwai hanyar tsakiya, bulon jar ƙasa na matsi, wanda ake sa wa siminti kaɗan. A nan Nijar an yi manyan ayyuka da shi: gidajen Niamey 2000 a Yamai, da masallaci da ɗakin karatu na Dandaji da aka gama a 2018, waɗanda Mariam Kamara ke cikin masu zanensu. A Nijeriya ma cibiyar binciken gini da hanyoyi, NBRRI, ta ƙera injin buga shi.

Inda ake faɗuwa wurin zaɓen ƙasa ne. A cire ƙasar sama mai saiwa da taki. A zuba ƙasar a kwalba zuwa kashi ɗaya bisa uku, a cika da ruwa, a sa ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye. Yashi zai fara kwanciya, laka ta zauna a sama bayan kwana guda. Ana son yashi ya fi yawa, laka tsakanin kashi 10 zuwa 25. In laka ta yi yawa bulo zai tsattsage, a ƙara yashi. In ta yi kaɗan zai marmashe. A tankaɗe, a sa siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na nauyi, wato buhu ɗaya ga baro 9 zuwa 10. A gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya kafin a yayyafa ruwa. Gwajin ruwan: dunƙula a hannu, saki daga tsayin ƙugu. In ya rabu gida huɗu zuwa bakwai ya yi. In ya faɗi dunƙule ruwa ya yi yawa, in ya zama gari bai isa ba. Abin da aka kwaɓa a buge shi cikin awa ɗaya. A jera a inuwa, a rufe da leda, a riƙa jiƙawa mako ɗaya zuwa biyu, kada a hau gini da shi sai ya cika kwana 28.

Baba Magini (Zariya): Malam ka cika. In ƙara: ginin ƙasa hula da takalmi yake so. Tushe na dutse ko bulo cike da kankare ya taso santimita 30 zuwa 45 sama da ƙasa, a shimfiɗa ledar tare danshi, sannan a ɗora. Rufi ya zarce sosai, musamman gabas, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ruwa ke duka. Kuma kada a yi wa tubalin da ba siminti a cikinsa filasta mai ƙarfin siminti. Ba sa kama juna. Ruwa ya shiga ta tsaga ya maƙale a baya, wata rana filastar ta zubo falle guda da rabin bango.

Barista (Kano): Ku yi haƙuri in katse ku, duk sanyin gida in takarda ba ta da kyau ba a yi komai ba. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Takardar shaidar mallaka, C of O, galibi ta shekara 99 ce, kuma sayar da gidan da ke da ita sai da amincewar gwamna kafin sunan mai saye ya zauna. Kafin a ba da ko kafin alƙalami, a kai lambar fayil ɗin hukumar rajistar filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a yi bincike: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki, an soke shi? A ɗauki safiyo ya tabbatar filin da ke takarda shi ne wanda aka tsaya a kai. Takardar mai unguwa shaidar ciniki ce, ba ta hana a zo a ce wurin hanya ne ko filin makaranta, kuma a nan filayen awon igiya suke cin mutane. A nemi amincewar zane ta hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. In gidan gado ne, a ga takardar rabon gado ta kotu, kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. A kuma kai lambar mita ofishin kamfanin wuta a ga ko akwai bashi a kan gidan.

Injiniya (Kano): Madalla Barista. Ta fuskar jikin ginin kuma, a je sau biyu: da ƙarfe uku na rana a lokacin zafi, da kuma bayan ruwa mai ƙarfi in ciniki ya kai damina. A ɗora tafin hannu a silin da bangon yamma. A buɗe ƙofar silin a leƙa da tocila: kaurin katako, ko gara ta hau, ko an ɗaure katakon da ƙarfe cikin kankaren da ya zagaye saman bango. Rufin da ƙusa kawai ta riƙe shi a kan bulo, iskar farkon damina ke yaye shi. A can sama ne kuma za a ga bulo ba filasta. A karce shi da ƙusa. Bulo inci 9 mai kyau buhu ɗaya 25 zuwa 30 yake bayarwa. Wanda aka ja buhu ya ba da 45 ko 50, da yatsa ma yana zuba.

Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, mai faɗin da tsinken ashana zai shiga, alamar tushe ne ke zama. A tambayi tsofaffin unguwa me ke wurin a da. Gidaje da yawa a Kano a kan kududdufin da aka cike da shara suke. Fenti da ke kumbura yana fitar da farin gishiri daga ƙasa zuwa gwiwa, danshi ne ke hawa, ba a sa leda a tushe ba, kuma tayil da aka manna a gindin bango ɓoye shi kawai yake yi.

Mai Sola (Katsina): Bari in sa muku kuɗi a kan maganar Injiniya ta farko. AC inbata mai doki ɗaya da rabi a ɗakin da ba a tare silinsa ba zai riƙa jan wat 700 zuwa 800. Awa 8 na dare, kusan yunit 6. A farashin Band A, rukunin da ya fi samun wuta, da aka sanar a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, wata guda ya haura naira 40,000 a ɗaki ɗaya. A sola kuwa, batirin litiyam mai bolt 48 da am 100 yunit 5 yake ɗauka, bai ma kai safiya ba. Farantin wat 550 yana ba da yunit 2 da 'yan kai a rana a yankinmu, wato faranti uku na wannan AC ɗin ne shi kaɗai. Fankar sama ta da tana jan wat 60 zuwa 75, sabuwar mai DC kusan 30. Ɗakin da fanka ta ishe shi wata tara a shekara, solarsa ƙarama ce.

Mai gini tun wajen wayarin ya raba layi biyu a allon wuta: fitilu, fankoki, firji da soket kaɗan a layin inbata, hita da dutsen guga da famfon borehol a ɗaya layin. Kaurin waya murabba'in milimita 1.5 ga fitila, 2.5 ga soket, 4 ga AC, da sandar ƙasa ta gaske, wato ƙarfen da ake binnewa a ƙasa don kariya daga jan wuta. Faranti ya kalli kudu, ya karkata digiri 10 zuwa 15, a bar santimita 10 tsakaninsa da kwano domin zafi na rage masa ƙarfi. Da hunturu a wanke shi duk mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Hajiya mai zanen gini (Kaduna): Fankar ma sai da iskar da za ta juya. Taga mai zugewa rabinta kawai ke buɗewa, ragar sauro ta ƙara rage abin da ya saura. Mai buɗewa kamar ƙofa ko luba ta fi. Kowane ɗaki ya sami taga a bango biyu, da ƙaramar kafa can sama kusa da silin inda iska mai zafi ke taruwa. Silin ya kai mita 3. A bazara a rufe da hantsi, a buɗe bayan magariba. Da damina a bar su a buɗe.

Sannan tsakar gida. Malale ko'ina da intalok yana mayar da zafi cikin ɗakuna har tsakar dare. A bar ƙasa a wasu wurare, a dasa darbejiya ta yamma, amma nesa da tushe da sokawe da mita 5 ko 6 saboda saiwa.

Mai kula da zaure: To mai tambayar farko ya dawo. Ya ce ginannen takardunsa sun fita lafiya, bulonsa mai kyau ne, kuma iyali ba za su iya jiran gini ba. Baƙin kwanon ne kawai da falo mai babbar taga a yamma. Ya saya?

Injiniya (Kano): Ya saya, amma ya cire kuɗin gyaran daga farashin tun a bakin ciniki, kuma ya yi aikin kafin a tare. Auduga a kan silin tukuna. Sannan a buɗe wa cikin rufin hanyar numfashi: kafofi a ƙasan bakin kwano inda iska za ta shiga, wasu a ƙololuwa ko a goshin gini inda za ta fita, jimillarsu kusan murabba'in mita ɗaya ga kowane 150 na silin. Tagar yamma a tare ta daga waje, da rumfa mai saukowa ko katangar bulo mai huji a ɗan nesa. Labule a ciki bai hana ba, zafin ya riga ya ratsa gilas. Kada ya sayi AC ko batir sai ya ga yadda gidan ya koma, don girman da zai buƙata zai ragu.

Baba Magini (Zariya): Kafofin nan a sa musu raga ta ƙarfe mai ƙananan ido, ba ta roba ba, a buga ta da katako ta kowane gefe. In ba haka ba jemagu da tattabaru za su tare a ciki, kashinsu ya jiƙa audugar, warin ya sauko ɗaki.

Malam na Maraɗi: Injiniya, kwanon fa? Ba a shafa masa farin fenti?

Injiniya (Kano): Kwanon alminiyam ko langa-langa ana shafawa, kuma yana rage zafi sosai. A wanke shi, a kankare tsatsa, a sa fentin ƙasa na ƙarfe, sannan farin fentin rufi hannu biyu, a riƙa wanke ƙura bayan hunturu. Mai tsakuwa kuwa fuskarsa kaushi gare ta, tana shan fenti da yawa kuma tana riƙe ƙura, don haka a wannan gidan kuɗin ya fi amfani a foyil. Sai dai sa foyil a rufin da aka riga aka buga aiki ne na cikin silin: a yi shi da asuba, mutum biyu, a taka katako kawai ba POP ba, a kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni kafin a hau, domin foyil yana ɗaukar lantarki in ya taɓa wayar da ta fashe.